Tsibi na Biyu

Idan ka ce wa Muhibba ana ruwa a waje, ba za ta ƙaryata ka ba, amma sai ta zura hannu ta taga ta ji. Haka Allah ya yi ta. A Rijiyar Lemo, inda aka haife ta, har yau ana ba da labarin ranar da aka aike ta sayen gero tana 'yar shekara tara, ta tsaya kai da fata sai mai awo ya kife mudunsa ta ga gindin. Mutumin ya yi ta faɗa, jama'a suka taru, aka kife mudu, sai ga gindi an buga shi ya lotsa ciki. Tun daga ranar masu awo suka daina yi mata murmushi, ita kuma ba ta taɓa nuna abin ya dame ta ba.

Halin nan gado ne. Mahaifinta Malam Hamzat magatakardan kotu ne shekara ashirin da shida, jikan malaman zaure, mai ƙananan rubutu da ƙarancin magana. Abu ɗaya ya yi ta nanata mata har ya koma ga Allah: abin da ido bai gani ba, hannu ba ya rubuta shi. Mahaifiyarta kuwa ba ta san ta ba. Ta rasu Muhibba tana da kwana talatin da biyu a duniya, da ciwon da mata ke kira sanyin jego, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gagara. Yayar Malam Hamzat, Gwaggo Ma'u, ita ta ɗauki jaririyar ta goya, ta nemo mata nono a maƙwabta, ta raine ta har ta kai ta ɗakin miji. Gwaggo mai wankan jego ce, sana'arta ke nan tun kafin a haifi Muhibba. Ta tafasa ruwa, ta yi wa mai jego wanka da ganye, ta dama mata kunun kanwa safe da yamma. Duk faɗin Kano, Gwaggo ce kaɗai Muhibba ba ta taɓa sa wa a kife mudu ba.

Da ta gama makarantar koyon aikin lafiya ta dawo da ilimi cike da baki. Ta zaunar da Gwaggo ta yi mata karatu cewa kanwa 'yar'uwar gishiri ce, yawanta yana tayar da jini yana wahalar da zuciya, balle ga macen da ta sauka. Gwaggo ta saurare ta tana tsinkar zogale, ta ce ta ji, daga yau sai ɗan ƙyas don launi. Muhibba, wadda ko kwanan wata sai ta duba kalanda biyu, ta karɓi wannan magana ta adana, ba ta sake waiwayarta ba har shekara goma sha huɗu.

Ta auri Isyaku, mai sayar da yadi a kasuwar Kwari, mutum mai sanyin hali, wanda ya saba in ya ce ya kulle ƙofa ya ji ta tashi ta je ta girgiza kwaɗon. Suka zauna a Fagge, suka haifi 'ya'ya uku. Aikinta a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi yake, a bakin iyakar Fagge da Sabon Gari, inda a benci ɗaya za ka ga mai mayafi da mai ɗaurin ɗankwalin zuwa coci suna kwatanta nauyin jariransu. Ba za a ce abokan aiki suna sonta ba. Amma in takarda ta fito da sa hannunta, likita ba ya sake dubawa, kuma wannan shi ne abin da take taƙama da shi a duniya.

Sai sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ƙungiyoyin agaji da suka daɗe da ƙaurace wa ƙasar suka fara dawowa da fararen motocinsu. Ɗaya daga cikinsu ta kawo wani bincike asibitin: za a bi masu jego ɗari uku, a riƙa auna jinin kowace duk bayan sati biyu, tun daga haihuwa har wata shida, don a ga yadda jini ke komawa daidai. Aka raba aikin biyu. Sista Ogechi tana auna waɗanda ke iya zuwa asibiti. Muhibba kuma, da yake matan Fagge ba sa fita kafin arba'in, ita ke bin gida gida da rana tsaka, da na'urar awon jini a jaka, ta haɗa har da matan Sabon Gari da fita ta yi musu wuya. Shekara ɗaya da rabi tana wannan yawo, takalmi uku ta kashe. In ta shiga gidan da ta ga mai jego ba ta da babba a kusa, sai tausayi ya kama ta, ta ce wa mijin ya je Rijiyar Lemo ya tambayi gidan Gwaggo Ma'u.

Wanda ke tara lambobin wani masanin ƙididdiga ne, Dokta Celestine, haifaffen Sabon Gari, wanda Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan cikin gari. An share masa wani ɗan sito an ajiye masa kwamfuta, yana rufe ta da zanen atamfa in ya tashi. Wata Talata ya aika a kira Muhibba. Ta same shi yana cin gyaɗa, ya ba ta kujera, ya tambayi maigida da yara har sau biyu. Nan take ta san da magana, don ruwa ba ya tsami banza.

Ya ɗebi gyaɗa cikin hannu ya zuba a tebur, ta taru tsibi ɗaya. Ya ce ba a musu, kowace mace da irin jininta: wata tun asali nata a sama yake, wata a ƙasa, wata nata yana sauka da sauri bayan haihuwa, wata a hankali. Amma in aka tara mata ɗari uku, halayen jininsu sukan zauna kamar wannan gyaɗar, tuli a tsakiya, 'yan tsiraru a gefe. Da wannan zaton kwamfuta take lissafi. Daga nan ya ware wasu 'yan ƙwayoyi ya tura su can ƙarshen tebur. Ya ce mata ashirin da bakwai sun ƙi shiga tsibin. Jininsu hawa yake yi maimakon sauka, kuma hawa iri ɗaya, kamar wanda aka kwafa. Sannan ya ce dukansu da hannunta aka rubuta su.

Muhibba ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta san abin da ake nufi. Kowa a wannan aiki ya san labarin ma'aikatan da ke samun inuwa su zauna su cika takardu da ka. Amma ta danne zuciyarta ta yi tambaya.

"Dokta, wa ya gaya wa kwamfutar cewa tsibin ɗaya ne?"

"Ni na gaya mata, Malama Muhibba. Haka ake gaya mata. Haka yake a littafi."

"Wanda ya rubuta littafin ya taɓa zuwa Fagge?"

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce shi ma ya yi wannan tunanin. Ya raba matan da unguwa, ya raba su da addini, da shekaru, da yawan haihuwa, har da tambayar nan ta shan kunun kanwa da ke cikin takarda, ba wanda ya ware su. Kusan duk matan Fagge sun ce suna sha, kuma yawancinsu lafiya lau suke. Matan Sabon Gari sun ce ba sa sha, alhali tara daga cikin ashirin da bakwai ɗin 'yan Sabon Gari ne. Ya ce shugaban aikin da ke Legas ya ga hoton lissafin, ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen wata. In ba a samu bayani ba, za a soke duk awon da ta yi, a rubuta wa ofishin lafiya cewa ta ƙirƙiri lambobi.

Kafin ta fita ya nuna mata wani abu da ya fi ba ta haushi. Da yake an gaya wa kwamfutar tsibi ɗaya ne, in ta ga mace ta yi nisa da tsakiya sai ta ɗauka rabin nisan kuskuren mai awo ne, ta jawo ta kusa da sauran. Saboda haka a jerin matan da ta ce suna cikin haɗari, shida kawai ta sa daga cikin ashirin da bakwai ɗin. Sauran, waɗanda Muhibba ta ja wa layi da jan biro da hannunta, kwamfutar ta mai da su masu ɗan hawan jini kaɗan. Likita kuma, tunda maganar ta fara yawo, ya koma bin jerin kwamfuta.

Ta fito tana jin ɗacin abin. 'Yar Malam Hamzat, a ce ta rubuta abin da ba ta gani ba. Da duka aka yi mata da ya fi mata sauƙi.

Daga ranar ba wanda ya tsira daga zarginta. Ta fara da na'urarta: ta ɗauko ta Sista Ogechi ta auna mutum goma da kowace, suka zo daidai. Ta koma kan Ogechi kanta, don ta lura kwana biyu tana yawan shiga siton Dokta, ta ce a ranta lallai ita ke kai gulma don a ba ƙanwarta aikin bin gidaje. Ta yi kwana uku ba ta amsa mata gaisuwa da kyau, sai daga baya ta gano wutar caji ce ke kai ta, don ɗakin ne kaɗai janareta ke kaiwa, kuma fitilarta take sakawa. Ta zargi mai buga lambobi a kwamfuta, ta karɓi takardu ɗari da arba'in ta bi su layi layi, ta samu kuskure biyu, ba ɗaya a cikin matanta. Ta zargi Dokta da cewa da takardun Ogechi ne da bai kai ƙara Legas ba. Ta zargi ruwan 'yan garuwa, ta bi ta tambayi rijiyar da kowane gida ke sha, ta tarar ba su haɗa rijiya ba. Isyaku ya ce mata zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ta ce ta ji, ta kuma tambaye shi ko shi ya taɓa mata jakar aiki.

Saura kwana shida wa'adi ya cika sai ta juya kan matan su kansu. Ta lura da abin da ya kamata ta lura da shi tuntuni: kullum da rana tsaka take zuwa, kuma kullum sun san tana tafe. Gidan da ya san ranar zuwan baƙo kuwa yakan share tsakar gida. Ta zaɓi wadda jininta ya fi na kowa hawa, Ujunwa, matar Boniface mai sayar da kayan gyaran mota, ta yi sammako ba sallamar gargaɗi, ƙarfe bakwai na safe tana ƙofar ɗakinsu a wani gidan haya a Sabon Gari.

Ujunwa haihuwar fari ce. A al'adarsu uwar mace ke tasowa daga gida ta zo ta kula da ita, amma saboda rigingimun da aka yi a wannan shekarar tsohuwar ta ji tsoron hanyar Arewa ta ƙi zuwa. Muhibba ta same ta zaune a bakin gado ta jingina da filo uku, tana numfashi sama sama, ƙafafunta sun cika har idon sawu ya ɓace. Ɗakin ya ɗau tururi da ƙamshin dafaffen ganye, alamar ba a daɗe da gama wanka ba. Da ta ga Muhibba sai ta yi saurin tura wani abu ƙarƙashin gado da ƙafa, amma ƙafar ta yi nauyi, abin bai shige ba.

Filas ne kore, murfinsa ya tsage an ɗaure shi da jan zare.

Muhibba ta san filas ɗin. Ita ta saye shi da babbar Sallah shekara uku da suka wuce, kuma a gabanta aka ɗaure wannan zaren. Ta buɗe, ta zuba kaɗan a murfi, ta kurɓa. Kanwa ta kama mata harshe har sai da ta runtse ido. A bayan kanwar ga kimba da citta, hannun da ta sani tun tana goye. Ujunwa ta fara ba da haƙuri, ta ce Mama mai yi mata wankan jego ce ta hana su faɗa, ta ce kada su gaya wa masu fararen kaya, musamman 'yarta, don 'yan boko ba su san jego ba. Ta ce filas biyu take shanyewa a rana, wata na uku ke nan, kuma tunda ƙafar ta fara kumbura Mama ta ƙara ƙarfin kunun. Sai ta ƙara da cewa, ai ita Anti Muhibba ce ma ta ce wa maigidanta ya je ya kira ta.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Muhibba ta auna ta, ta rubuta abin da ta gani, ta sa Boniface ya rufe shago ya nemo mota ya kai matarsa babban asibiti a ranar. Sannan ta sa filas ɗin a jaka ta hau motar Rijiyar Lemo.

Ta tarar da Gwaggo a tsakar gida tana surfen gero, ga wani dunƙulen kanwa a faranti kusa da ita, ya kai girman kan jariri. Ba ta fito da filas ɗin ba tukuna. Ta yi abin da har yau take jin kunyarsa: ta zauna ta yi fara'a, ta ce a asibiti ana yabon aikin Gwaggo, ana son a san gidajen da ta yi wa jego a shekara ɗaya da rabin nan. Tsohuwa ta ji daɗi har ta ajiye taɓarya. Ba ta karatu ba ta rubutu, amma ba ta mance gidan da ta taɓa hura wa wuta. Ta shiga jero su, gidan wane mai shayi, gidan wane na bayan tashar jirgin ƙasa, matar tela, matar mai kayan mota, tana faɗin wadda ta haifi namiji da wadda nononta ya yi jinkiri. Muhibba tana bin takardarta tana sa alama. Da Gwaggo ta gama, alama ashirin da biyar ce a kan suna ashirin da bakwai.

Sannan ta fito da filas ɗin ta ajiye a tsakaninsu. Gwaggo ta dube shi, ta dubi Muhibba, ba ta ko sunkuyar da kai ba. Muhibba ta tuna mata alkawarin ɗan ƙyas don launi. Gwaggo ta ce yaro in ya dawo daga makaranta da magana ai sai a ce masa to. Daga nan ta gyara zama ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba.

"Uwarki ni na yi mata wanka. Ta ce kunun ya yi mata ƙarfi, na ji tausayinta na rage. Da ta fara kumbura na gane na yi sakaci, na ƙara kanwa, na sake ƙarawa, safe da rana da yamma, amma sanyi ya riga ya shige ta. Ranar da aka fita da ita na yi wa Allah alkawari ba macen da za ta sake mutuwa a hannuna don na yi rowar kanwa."

Muhibba ta san abin da littafinta zai ce game da macen da ta kumbura aka yi ta ɗura mata kanwa. Ta dubi hannuwan Gwaggo, duk tabon ƙunar ruwan zafi na shekara arba'in, hannuwan da suka goya ta. Abin da ta iya cewa kawai shi ne don Allah a dakata da kunun nan har ta dawo. Ta tashi ta fita ko ruwa ba ta sha ba.

Isyaku da ya ji labari ya ce ta bari a soke awon. Ya ce aiki ba uwa ba ne, shagonsa zai riƙe su, kuma in ta kai sunan nan ta kashe wa tsohuwa sana'a da mutunci rana ɗaya. Ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san akwai mata ashirin da ɗaya da kwamfuta ta ce ba su cikin haɗari, wasunsu har yanzu filas yana zuwar musu. Ta yi kwana biyu tana binciken zuciyarta kamar yadda take binciken kowa: shin ƙafafun Ujunwa ne ke tura ta, ko sunan Malam Hamzat da ba ta son a ɓata? Ba ta samu amsa mai tsabta ba. Ta dai tashi ranar Litinin ta tafi siton Dokta.

Ko a nan ba ta bar halinta ba. Ta ƙi ba shi takardar. Ta ce ya fara gaya wa kwamfutarsa cewa tsibin yana iya zama biyu, kada ya faɗa mata komai bayan wannan, su ga su wa za ta ware da kanta. Ya ce ana iya yin haka, sai dai lissafin yana da nauyi. Injin ya yi ta gurnani har bayan azahar. Da sakamako ya fito, matan sun rabu gida biyu sarai: babban tsibi da ya tsuke ya yi kyau, jininsu yana sauka yadda ake so, da ƙaramin tsibi can gefe, jininsu yana hawa. Sai a lokacin ta miƙa masa takardarta, suka bi suna bayan suna. Ashirin da biyar na Gwaggo duk suna cikin ƙaramin tsibin. Sauran biyun har yau ba wanda ya san dalilinsu.

Dokta Celestine ya miƙe tsaye ya ba ta haƙuri. Ya ce zai rubuta wa Legas da hannunsa cewa awon daidai yake, zaton da ya ɗora lissafin a kai ne ya karkace, kuma da an soke lambobinta da binciken ya fito yana cewa masu jegon unguwar nan lafiya lau suke. Ya tambaye ta wace ce mai dama kunun. Ta ce ya rubuta wata tsohuwa. Ya ga fuskarta, bai sake tambaya ba.

Aka kira matan aka duba su, aka sa wasu a magani. Ujunwa ta yi sati uku a gado ta tashi. Rahoto ya fita ba sunan kowa, amma Fagge ba ta bukatar a rubuta mata suna. Kafin wata biyu ba mai aikawa Rijiyar Lemo a kira Gwaggo. Babbar tukunyar ruwanta ta koma wurin zuba dussa. Muhibba ta ci gaba da zuwa gaishe ta duk Juma'a, Gwaggo tana amsawa, tana tambayar yara, amma ba ta ƙara ce mata ga abinci a ɗaki ba. Sunan Muhibba ya wanku, har aka ƙara mata girma, sai dai ta rasa wanda za ta gaya wa ta ji daɗi.

Wata Laraba, ranar awon masu ciki, ta ɗaga kai ta hangi Gwaggo a ƙarshen benci, da mayafinta na zuwa unguwa, zaune cikin 'yan mata masu ciki tana jiran layi. Bai fi sau biyu ta taɓa taka asibiti a rayuwarta ba. Muhibba ta tashi za ta shigo da ita, Gwaggo ta ɗaga mata hannu, ta jira har layi ya zo kanta. Ta zauna, ta naɗe hannun riga ta miƙa, ta ce a auna ta da abin nan da ba ya ƙarya. Muhibba ta naɗa mata ƙyallen a dantse. Tana cikin ɗaurawa Gwaggo ta yi magana ƙasa ƙasa, yadda ba mai ji sai su biyu.

"Na ji an ce kanwa ce ke kumbura su. Ke ba kya faɗin abin da ba haka ba, tun kina ƙarama. Uwarki fa? Ni ce?"

Muhibba ta tsaya da robar famfo a hannu. Ta san abin da take zato, ta kuma san abin da ta gani, kuma ba ɗaya suke ba.

"Ban auna ta ba, Gwaggo," ta ce. "Kwanana talatin da biyu."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta, irin kallon da Muhibba ta yi wa mai awon gero. Sannan ta kaɗa kai a hankali ta ce, "'Yar Hamzat."

Muhibba ta sa abin saurare a kunne ta matsa famfo. Tana jin bugun jinin tsohuwar sarai, amma da ta dubi lambobin sai ta ga sun narke sun haɗe, ta goge ido ta sake dubawa, suka sake narkewa. Ta sassauta ƙyallen ta warware shi. Katin Gwaggo yana nan a asibitin har yanzu, da suna da kwanan wata da sa hannun Muhibba, gurbin awon kuma ba komai a ciki.